Jiran Finjali na Biyu a Tireshibil

Tun da na dawo daga Abijan ban samu na ci goro cikin kwanciyar rai ba. Ranar kasuwar Bangi, da na shimfiɗa buzuna gindin gawo sai a kewaye ni: "Arzika, yaya teku?" "Arzika, wai gaskiya ne can ba a tuƙa tuwon hatsi?" Na gaji da maimaitawa. Kuma na lura labarin ya fara yawo a bakin mata da wasu ƙare-ƙare da ban amince da su ba. Shi ya sa na ari alƙalami wurin mushen lakkwal, wato malamin makarantar boko, zan rubuta shi sau guda, mai iya karatu ya karanta ma wanda bai iya ba. Don kada wani ya riga ni faɗi, wawan labarin ga ni ne. Sai dai ku lura, wawa ne da ya ƙetare iyaka biyu da buhun albasa, ya dawo da suruka. Cikinku masu dariya akwai wanda bai taɓa wuce Kwanni ba, kuma na san shi, shi ma ya san na san shi.

Abin ya faro daga ɗana na fari. Ba zan rubuta sunansa ba, don ni ba mara kunya ba ne. A wajenmu uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya zama hira da shi, in magana ta kama dole sai ya faɗa ma na kusa, in babu kowa ya faɗa ma bango. Ni Ɗan Hajo nike ce masa, da sunan uwarsa. Bayan babbar yunwa ya tafi biɗa Kodebuwa, ƙasar da Abijan take, kamar sauran samari, ya kafa teburin kafe da madara da burodi bakin titi. Muna nan sai wani ɗan garinmu ya dawo da kaset daga gare shi. Anka sa ta cikin rediyon mai butiki, wato mai kantin unguwa, rabin unguwa na saurare. Ya gaida uwarsa, ya gaida kawunnansa, ya tambayi lafiyar jaki. Sannan ya yi tari, ya ce ya bar tebur, yanzu yana aiki gidan kafe na wata Bajula, Hajiya Fanta, macen kirki. Ya sake tari, ya ce tana da ɗiya, sunanta Awa. Daga nan kaset ta ci gaba da juyawa ba magana. Ko yaran da ke leƙe ta taga sun gane.

Hajo ta bar cin abinci. "Mutanen da ba mu san tushensu ba," in ji ta. "In sunka riƙe shi shi ke nan, na haifa ma Julawa. Ka tahi ka gani da idonka. In mutanen kirki na, ka sa albarka. In ba su san darajar baƙo ba, ka riƙo hannun ɗana ka maido min shi."

Ba wanda ya yi gardamar cewa ni ya dace in tafi, don duk zuri'armu ni ke da Faransanci. Na yi lakkwal a Madawa zamanin Nasara, har na kai inda ake rubutu da tawada. Nan ni da mushe munka fahimci juna: shi ya gaji da dukana, ni na gaji da a doke ni.

Kafin in tashi na je wurin Agali, Buzun nan na wajen Keita da ke sauka kasuwarmu da raƙuma, abokin wasana tun muna da gashi baƙi. Yana fifita gawayi, na ce masa, "Kai da ka yi yawon duniya kana satar awakin mutane, yaya ake gane gidan kirki a ƙasar da ba ka jin yarensu?"

"Bahaushe dai," ya ce. "Ba a jin mutane da kunne, da finjali ake jin su. Na fari mai ɗaci, na biyu ya sauko, na uku zaƙi. Wanda ya ba ka uku ya karɓe ka. Wanda ya ba ka guda ya ɗauke buta, cewa ya yi tashi ka ba ni wuri, ko da haƙoransa duka suna waje."

"In ba shayi suke sha ba fa?"

"Duk abin da anka zuba a ƙaramin finjali shari'arsa guda."

Ku riƙe maganar ga ta Agali. Da kotu za ta saurare ni, rabin wautar tasa ce.

Na ɗaure tsaraba: buhun albasa, kilishin Madawa, da tabarma mai zane da Hajo ta zaɓa da kanta. Kamyo, babbar motar kaya, ya kai mu Madawa, wani ya kwashe mu zuwa Kwanni, Doso, Yamai. Ni ina bisa buhunan wake, gefena wani mahauci na barci da kansa a kafaɗata, kamar tare anka haife mu. Kowane shinge akwai mai kaki da ke son ya tabbatar kilishin Madawa bai lalace ba. Na yaba musu kula da lafiyar jama'a. Kafin mu ga kogin Yamai ƙunshin ya rage kamar an wanke shi.

A iyakar ƙasar Mosawa, lokacin ba ta canza suna ba, anka sauke mu, anka karɓi kartidanti, wato katin shaida, anka jera mu cikin rana. Wani jandarma mai gashin baki ya fito yana kiran sunaye ɗaya ɗaya. Kowa in an kira shi sai ya ce "na'am" a ƙasa-ƙasa, kamar mai laifi. Da ya kai kaina, wallahi ban san lokacin da ƙafafuna sunka haɗe ba, hannuna ya tashi sama, na kwarara, "Purzan, mushe!" yadda muke amsawa a aji in ana kiran suna. Sai jandarman ya fashe da dariya har ya dafa mota. Ya kira abokin aikinsa, ya sake kiran sunana don shi ma ya gani. Na sake yi, har na ƙara masa da buga ƙafa. Kayan kowa an zazzage su ƙasa, buhun albasata ko kwance shi ba a yi ba. Wannan ita ce riba ta farko da ilimi ya kawo min, kuma ta zo a makare.

Wagadugu ban ga komai ba sai mata bisa mobilet, ƙaramin babur. Mace da goyo, da tulu a kai, tana tsala gudu tana danna ma maza oda. Na tsaya bakin hanya ina tunanin Hajo bisa irin wannan abu, sai na ji tsoro ya kama ni, na wuce tashar jirgin ƙasa.

Cikin jirgi Allah ya haɗa ni da wani Bamoshe, Tinga, mai zabi biyu cikin kwando da Hausar da ya tsinta a zango. Leburan gonar kafe ne, zai koma bakin aiki. Shi ya saya min aceke a wata tasha. Na ɗauka dambu ne, na cika baki, sai na ji tsami, ashe rogo ne anka wahalar da shi har ya zama haka. Na haɗiye don kada in ba ƙasata kunya. Ayaba kuwa soya ta suke yi da manja su barbaɗa barkono. Mu da muke kai ta ga mara lafiya asibiti!

Da munka wuce Buwake itatuwa sunka rufe sama. Na ji tausayin mutanen wurin. Mu a Adar in baƙo na tafe kana hango shi tun daga kan dutse, ka samu lokacin ɓoye abin da za ka ɓoye. Su sai dai su ji sallama a kansu. Tinga ya nuna min wasu gajerun itatuwa masu jajayen 'ya'ya kamar magarya, ya ce, "Baba, ga kafe." Na ce kada ya raina min hankali, kafe gari ne, cikin gwangwani yake fitowa, na sha shi a tashar Madawa. Ya yi dariya har zabinsa sunka taya shi. "Wancan na gwangwani ƙanen kafe ne," ya ce. "Yayan ba ka gamu da shi ba tukuna."

A Abijan na sauka Tireshibil, unguwar da kowace ƙabila ta duniya ke da wakili. Akwai wani gida da mutanen Adar ke haya, mai masaukinmu Alhaji Jibo ne, ɗan Karofane, ya daɗe yana aiki bakin jiragen ruwa. Ɗaki guda samari sun fi tabarmi yawa, wasu na tashi wasu na kwanciya, tabarma ba ta hucewa. Ni anka ba ni gado saboda furfura. Ruwa kuwa ba shi da damina ba shi da rani, in ya ga dama ya zubo. Na wanke rigata, ta ƙi bushewa, sauran kilishin ya fara fitar da gemu fari irin nawa.

Ɗan Hajo ya zo gaisuwa. Ya durƙusa can bakin ƙofa, ya gaida ƙasa. Ni na dubi Alhaji Jibo na ce, "A gaya ma wancan mun iso lafiya, uwarsa na gaishe shi." Na sace kallonsa ta wutsiyar ido. Ya yi ƙiba, ya yi agogo. Zuciyata ta cika, na yi tari na kore ta.

Da hantsi Alhaji Jibo ya raka ni gidan kafen. Tun muna layi biyu kafin wurin hancina ya riga ni isa. Ƙamshi ne kamar ana suyar gyaɗa a aljanna. Ya gabatar da ni ga mai wurin, ya ce jirgi ya shigo, aiki na jiransa, ya tafi ya bar ni ni kaɗai tsakanin surukai. Wannan shi ne kashi na biyu na wautar da ba nawa ba.

Wurin ba shi da girma. Teburi kaɗan, doguwar kanta, bayanta inji mai ƙyalli yana huci kamar raƙumi ya yi fushi. Jikin bango buhuna a jere, kowanne an rubuta masa sunan ƙauyen da ya fito. Ashe kafe ma yana da gari da dangi kamar mutum. Na tudu daban, na kwari daban, kuma wai masu sha suna ganewa, yadda mu ke gane albasar Galmi ido rufe. Mutane na shigowa, ma'aikatan gwamnati, teloli 'yan Senegal, Kwara, fararen 'yan kasuwan nan masu kanti, har Nasara. Mutum ya sa hanci cikin finjali ya lumshe ido, ya kurɓa da ƙara irin wadda in yaro ya yi a gabana zai sha mari, sannan ya juya ya yi ma mai wurin dogon jawabi. Na ce a raina mutanen ga ba su da aikin yi.

Can ciki kuwa ga wata tukunyar ƙarfe kamar ganga tana juyawa bisa wuta, kuma mai tsaye gabanta da farar riga, da dogon ludayi a hannu, Ɗan Hajo ne. Yaron da na sani yana koran tsuntsaye a gona. Ya zaro ƙwaya ya shinshina, ya kara kunne yana sauraren yadda take fashewa, ya ɗaga hannu, a buɗe, kafe ya zubo baƙi yana hayaƙi, duk shagon ya juya yana kallo. Na ga magidanta da takalma sau ciki suna tsaye suna jiran suyarsa ta huce a auna musu. Da ba don kunya ba da na hau tebur na ce nawa ne. Shi ko ɗaga ido bai yi wajena ba, yadda tarbiyya ta ce. Ku riƙe wannan ma.

Hajiya Fanta doguwa ce, baƙa, mai ɗaurin kallabi kamar hasumiya. Mijinta ya rasu, ita ke riƙe da komai. Ta yi zaman zango tana yarinya, tana da Hausa irin ta kasuwa, mai kaifi, ba ado. Ta zaunar da ni tebur mafi kyau kusa da taga. Munka gaisa gaisuwar surukai, gajera, kowa na duban gefe. Ta shiga ciki da kanta, ta daɗe, ta fito da faranti. A kansa finjali guda, ƙarami, wanda in ka kifa shi bisa ƙwan zabuwa ba zai rufe ba. Na ga ƙaramin finjali na ce madalla, shari'ar Agali ta hau.

Na yi bisimilla na kurɓa. Jama'a, na fari na Buzaye ruwan koko ne a kan wannan. Ɗaci ya bi ta haƙorana ya fita ta kunne. Amma ni Ba'adare ne, ko gira ban motsa ba. Na shanye, na aje, na tura finjalin bakin tebur yadda ake maida shi kan tire don a zubo na biyu. Na naɗe hannu.

Ita kuma ta tsaya kaina, hannu a ƙugu, tana dubana. Na ɗauka jira take ta ga ko zan faɗi ƙasa. Mi zan ce? A wajenmu namiji ba ya yabon abinci. Ka ci, ka sha, ka ture ƙwarya wofi, mai dafawa ta gani ta gane. Yabon abinci aikin maroƙi ne da wanda ya kwana da yunwa. Ta daɗe tsaye, sannan ta juya ta koma bayan kanta, kallabin nan na kaɗawa.

Na jira. Na ce wataƙila tasu wutar sanyi gare ta. Injin ya yi huci, finjali ya fito, ya wuce ni ya tafi wurin wani tela. Ya sake huci, ya tafi wurin Bakware. Duk wanda ya gifta kusa da ni sai in ƙara tura nawa bakin tebur da ɗan yatsa, har ya kusa faɗuwa. Roƙo kuwa ba zan yi ba. Uban ango ya buɗe baki gidan surukai ya ce a ƙaro? Gara a binne ni a Tireshibil.

Azahar ta yi, na je masallacin layin na dawo. Finjalina na nan inda na bar shi, wofi, ko ɗauke shi ba a yi ba. Anka aiko min da shinkafa da kifi, ƙamshinta na tsinka hanji. Na ɗaga hannu na ce alhamdu lillahi. Wa ke cin abinci gaban surukai? Anka maida ita. Na ga Hajiya Fanta ta bi farantin da ido, ta cije leɓe, ta aje ludayi da ƙarfi. Na ce a raina, ke ma kin ji yadda ake ji.

Wajen la'asar na gama shari'a. An ba ni guda, an ɗauke buta. Na tuna Hajo da ta bar cin abinci, na tuna abin da ta ce in yi. Raina ya ɓaci ƙwarai, don wurin ya shiga raina, kuma na ga yadda yaron ke tsaye gaban tukunyar nan kamar mai gari. Amma gidan da anka kori uba, ɗa ba ya zama cikinsa. Na miƙe, na gyara rigata mai danshi, na dubi bango na ce da ƙarfi, "A gaya ma mai suya ya haɗa kayansa. Jirgin gobe da mu zai tashi."

Ludayin ya faɗi daga hannunsa. Tukunya na juyawa, ba mai kula ta, ƙauri ya fara tashi. Hajiya Fanta ta zagayo kanta, ta ja numfashi irin na macen da za ta yi magana a ji ta a bakin teku.

Sai labulen ciki ya motsa. Wata yarinya ta fito da tire, siririya, kanta a ƙasa. Ta ratsa tsakanina da uwarta, ta durƙusa har ƙasa gabana, ta ɗaga tiren. Da Hausarta mai ɗingishi ta ce, "Baba, ga na biyu. Ka yi haƙuri, wuta ce ta yi jinkiri."

Wuta. Daga hantsi zuwa la'asar. Ga inji can yana huci tun safe a gaban idon kowa. Na yi shekaru ina zaman sulhu a garinmu, ban taɓa jin ƙaryar da ta kai wagga kyau ba. Ba ta ce uwarta ta yi kuskure ba, ba ta ce ni baƙauye ne ba. Ta ɗora ma wuta, wuta kuwa ba ta da dangin da za su yi fushi. Na koma na zauna. Ƙafafuna ne sunka yanke shawarar, ba ni ba.

Uwar ta jefa mata tambaya da Julanci, ta amsa a hankali tana nuna yatsa uku. Daga baya na ji yadda anka yi. An hana Awa fitowa sai baƙo ya yi magana, tana bayan labule tana leƙe tun safe. Ta ga yadda nike tura finjali bakin tebur, ta tuna haka Ɗan Hajo da 'yan garinsu ke yi in suna shayi ranar Lahadi a tsakar gida, kuma ba su tashi sai an zagaya sau uku. Shi da ya san shari'ar bai dube ni ba ko sau guda, saboda ladabi. Ita da ba ta gaje ta ba ita ta gani.

Hajiya Fanta ta dube ni, ta dubi finjali, sai ta zauna bisa buhu ta kama dariya har kallabi ya karkace. "Uku? Wannan, uku? Tsoho, masu sauke kaya a jirgin ruwa guda suke sha su yini suna gudu!" Ta share ido, sai fuskar ta koma ta ɗaure. "To ni fa? Ka san abin da na ba ka? Ba na sayarwa ba ne. Daga gonar maigidana ne, can kan duwatsun Man, itatuwan da ya dasa da hannunsa. Kaɗan nike ajewa. Da asuba na soya shi da kaina, ban bar ɗanka ya taɓa ba. Ko ɗan dako ya sha kafe a nan sai ya ce min wani abu. Kai ka shanye ka ture kamar magani, ka ƙi abincina, ka zauna kana kallon bango. Na ce tsohon nan ya ƙi ɗiyata, yana neman hanyar faɗi ne."

"Hajiya," na ce, "ni kuma na ce an kore ni."

"Wa ya kore ka? Wanda anka kora ana ba shi teburin taga?"

Ta tura min na biyun, ta sake sa hannu a ƙugu. Yanzu na gane abin da ake jira. Awa ta sa masa sukari kaɗan. Na sa hanci yadda na ga teloli na yi, na kurɓa a hankali, na bar shi ya zauna bisa harshe. To wallahi akwai magana cikin abin nan. Bayan ɗacin akwai ɗan tsami kamar na tsamiya, bayan tsamin kuma wani abu da na sani na rasa sunansa. Sai ya faɗo min. Na ce, "Hajiya, ƙasarmu dutse ce da rana. In ruwan farko ya sauka bisa ita akwai ƙamshin da ke tashi, wanda ke sa tsoho ya fito waje ba hula. Shi na ji cikin finjalin ga. Allah ya jiƙan wanda ya dasa."

Ta juya tana gyara buhun da ba abin da ya same shi. Da ta juyo ta daka ma Ɗan Hajo tsawa wai ya ƙone mata suya, kuma duk shagon ya san ba suyar ce ta sa muryarta rawa ba.

Na uku Awa ta cika shi da madara da sukari, shari'a ta cika. Na miƙa tabarma da albasa, kilishin na bar shi a masauki don gemunsa ya fi nawa. Na dubi bango na ce masa na sa albarka. Hajiya Fanta ta ce ma bangon ita ma ta yarda, kuma duk damina za ta saki mai suya ya je ya yi ma uwarsa noma, da matarsa. Bangon nan ya ji alheri ranar.

Abin da finjali uku sunka yi min kuwa, Hajiya Fanta ta faɗi gaskiya. Zuciyata ta kama sukuwa. Na fita na zaga Tireshibil da ƙafa, na gaida mutanen da ban sani ba, na yi ma wani ɗan sanda Faransanci har ya roƙe ni in tafi. Alhaji Jibo ya ce na ba samarin gidan tarihin Adar tun daga kakan kakana, ba wanda ya tambaye ni.

An ɗaura aure kafin in taso. Da damina sunka zo, shi da ita. Awa ta durƙusa gaban Hajo, ta karɓe mata taɓarya, kafin sati Hajo na cewa "ɗiyata" tana harararmu mu maza. A bakin turmin nan ne labarina ya fita, ba ta bakina ba.

Hajiya Fanta ta aiko min da ƙunshin kafen gonar nan. Ranar wata kasuwa na tara abokaina a ƙofar gida, na karɓi butar Agali na dafa musu. Na koya musu sa hanci, na koya musu kurɓa da ƙara. Agali ya tofar, ya ce an ƙona masa buta. Na ce masa shari'arsa ta kusa kashe aure, ya ce shari'a lafiya take, alƙalin ne jaki. Ban kula shi ba, na ci gaba da bayani. Na ce duk Adar ba wanda ya sha uku a zaune ya tashi da ƙafarsa sai ni. Na ce suruka irin wagga sai mai ido ke gano ta. Na maimaita musu jawabin ruwan farko, har na ƙara masa gishiri, na ce matar nan da ta ji shi sai da ta yi hawaye, don magana mai daɗi a kan abin da mace ta dafa ba ƙaramin abu ba ne, ku koya.

Ashe Hajo na bayana da ƙwaryar fura. Ta aje ta gabana a hankali, ta miƙe, ta sa hannu a ƙugu, irin tsayuwar da na taɓa gani a Tireshibil.

"Bajula yini guda ta jira ka yaba abin da ta dafa, har ta kusa fasa aure," ta ce. "Ni tun ranar da anka kawo ni gidan ga nike jira. Ko sai na ɗaura kallabi na sayi inji?"

Agali ya tura min ƙwaryar bakin tabarma da ɗan yatsa. Na buɗe baki, Faransanci bai zo ba, Hausa ma ta ƙi.